Baba Maigado, Bakin Likitoci

Tun kafin masu shara su gama goge baranda, Baba Maigado ya riga ya ɗiga wa tayoyin gadonsa mai, don ya tsani ƙarar ƙarfe a kunnen mara lafiya. Aikin da asibiti ya ɗauke shi ke nan: tura gado daga ɗakin jinya zuwa ɗakin tiyata, wani lokacin zuwa ɗakin ajiye gawa. Ɗaya aikin kuwa, wanda ya cika masa kai da furfura, babu wanda ya taɓa kiransa aiki.

Akwai wata jimlar Turanci da likitoci ke yi masa. Ma'anarta wai mutum yana da lafazi, ya san inda zai ajiye kowace kalma. A ɗakin taro, in aka faɗa wa ma'aikaci ita, ƙarin girma ke biyo baya. Shi Baba a ƙofar tiyata kaɗai yake jin ta, kuma da ya ji ya san wani ya cika. Sai likita ya dafa kafaɗarsa, ya sakar masa Turancin, ya ce, "Baba, 'yan'uwansa na waje, je ka yi musu bayani," sannan ya sulale ta ƙofar baya.

Baba ba ya faɗar mutuwa a tsaye. Durƙusawa yake yi har kansa ya yi ƙasa da na wanda ke zaune, ya kira mamacin da sunansa, ba da lambar gado ba. Nas-nas sun ga ranar da wani direba ya shaƙe masa wuyan riga, bai ɓamɓare hannun ba har mutumin ya fashe da kuka a kafaɗarsa. Maigadi ya ga wata uwa ta tofa wa Baba yawu, Baba ya goge, ya je ya nemo mata mota.

Bara aka kwantar da matarsa a asibitin. Nas ɗin ɗakin kaɗai ya gaya wa, don kada a ce yana neman alfarma. Da hantsin da aka shiga da ita tiyata, shi an tura shi wani ɓangare da mara lafiya. Ya dawo yana haki, ya ci karo da wani sabon likita yana cire safar hannu.

"Baba, an ce kai ne gwanin," in ji likitan, ya ɗora da jimlar nan. "Matar da muka yi wa aiki ba ta farfaɗo ba. 'Ya'yanta na kan benci."

Nas ta toshe baki. Baba ya kalle shi, ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ya fita, ya durƙusa gaban babbar 'yarsa. Ita kuwa ta san wannan durƙuson tun tana kawo masa abinci asibiti.

"Baba, tashi," ta ce. "Don Allah kada ka yi mana irin na wurin aiki."



Likitan ya ba da haƙuri, kuma har ga Allah bai sani ba. Abin da ke ƙona rai shi ne, ana gama zaman makoki aka sake dafa kafaɗar. Makon jiya ma, a taron ritayarsa, shugaban asibiti ya yabe shi da jimlar, aka yi ta tafi. Baba waigawa ya yi wajen ƙofa, don jikinsa ya saba.

Kai ne, Baba, ka sha zagin da ba naka ba. Kai ne garkuwar masu farar riga, suka biya ka da yabon da ko ciwon gwiwa ba ya warkarwa. Mun gode, Allah ya jiƙan uwar 'ya'yanka, ya hutar da kai.

Ku kuma likitoci da nas-nas, ku yi koyi da shi, ku daina neman wani mai lafazin da za ku laɓe a bayansa. Wanda ya ga fitar rai, shi ya kamata ya fita ya dubi idon masu shi. Gobe za a sake yin rashi a asibitin nan, kuma Baba yana gida.