Kunnen raƙumin da Barka ya yanke

Shekara ashirin ke nan da aka kashe yayana Barka a bakin rijiya, can arewa da Tanut. Ubangijinmu, mutumin da ya mallake mu, shi ne ya kashe shi da igiyar guga. Ina tsaye a wurin.

A bauta aka haife mu. Ranar rabon gado aka raba mu da uwarmu, tare da awaki. Aikinmu jan ruwa da kiwon raƙuma, abincinmu abin da ya saura a ƙwarya. Karatu ɗaya aka koya mana: aljannar bawa tana hannun ubangijinsa, wanda ya gudu ya shiga wuta. Barka ya yarda da wannan har cikin ƙashinsa.

Da maigidan ya karya mini hannu saboda ɗan raƙumin da ya ɓata, na ce wa Barka mu gudu. Ya ce, “Tanko, kanka ɗaya? Mu sha wuya a nan, mu je can mu sha wuta? Akwai hanyar da babu zunubi.”

Tsohuwar al’ada yake nufi. Bawan da zalunci ya ishe shi yakan yanke kunnen raƙumin wani babban mutum, sai a miƙa bawan ga mai raƙumin a madadin ɓarnar. Ya sake ubangiji ke nan, bai gudu ba. Barka ya zaɓi wani Alhaji da ake cewa bayinsa na shan madara su ƙoshi.

Da hantsi, rijiya cike da mutane, ya kama farin raƙumin Alhaji ya datse masa kunne. Ya durƙusa da jini a hannunsa ya ce, “Alhaji, na zama naka, ni da ƙanena.”

Abin da ba mu sani ba, labari ya riga ya iso ga manya cewa gwamnati ta fara kama masu riƙe bayi. Alhaji ya ja baya ya ce, “Bawa? Ni ba ni da bawa. So kake jandarma su kai ni kaso? Ga ubangijinka can.”

Maigidanmu ya tsoma igiya a ruwa don ta yi nauyi. Ya sa aka ɗaure Barka a itacen rijiya. Ya doke shi har fatar bayansa ta saɓule, ya koma kan fuska. Barka ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma bai ko ja ɗaurin ba. Abu ɗaya yake ta faɗi: “Maigida, ka ce ka yafe mini.” Maigida ya ce, “Ban yafe ba.” Kafin la’asar ya cika. Da hannu ɗaya na haƙa masa rami, ba wanda ya sallace shi. Daga nan na bi hanya, har wata motar kanwa ta ɗauke ni zuwa Damagaram.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya gan ni yau, ina sayar da raken gonata a kasuwa, ina tsayawa sahun gaba ranar Juma’a. Na san shi, ba murna zai yi ba. Zai ja ni gefe ya ce, “Wa ya sallame ka?”

Na daɗe kafin na kai maganar ga limamin unguwarmu. Ya ce, “Malam Tanko, wanda ya kashe shi ne zai nemi yafiya a gaban Allah.” Na yarda. Amma Barka bai ji wannan ba, ya mutu yana ganin an rufe masa ƙofa. Wannan ya fi dukan ci mini rai.

Bai bar komai ba, ko wuƙar da ya yanke kunnen da ita ba tasa ba ce. Sai dai ko a ranar, da ni ya nemi fita.

Ina Matameye yanzu, a fadamar hanyar Kance, da mata da ’ya’ya huɗu. Babbansu sunansa Barka, kuma shi zai gaji gonar.