Baba Buraima, Mai Kejin Motocin Tsere

Da an sallame asuba a masallacin unguwar Al-Oud da ke Riyad, Baba Buraima ba ya tsayawa hira. Shayinsa ma a tsaye yake sha. Kafin rana ta yi zafi ya riga ya ɗaga ƙofar gareji a Sana'iyya, unguwar masana'antu, ya jawo wayar walda, yana ta zagaye mota kamar wanda ya yar da wani abu.

Mutumin Damagaram ne, a Riyad gemunsa ya yi fari. Aikinsa haɗa keji na bututun ƙarfe a cikin motocin tsere, irin waɗanda ake saki biyu-biyu a miƙaƙƙen titi, kafin ka ƙifta ido sun kai ƙarshe. Idan mota ta kife, kejin nan ne ke hana rufi murƙushe direba. Masu kallo inji suke yi wa tafi, ba mai tambayar wa ya yi waldar.

Ƙa'idarsa guda ce. Wanda zai tuƙa motar shi zai zauna a kujera, da hular kwano, a ɗaure shi da bel, sannan a auna.

Har yanzu ana maganar Zayyanu a garejin. Ɗan Hajiya Balkissa ne ta unguwar Shumaisi, haihuwar nan Riyad, Larabci ya fi zama a bakinsa. Tserensa na farko ya faɗo ranar wata Juma'a. Ranar awo Baba yana asibiti ana duba masa ido, shi kuma Zayyanu aiki ya riƙe shi, sai ya turo abokinsa Maulud, wai ai tsayinsu ɗaya. Ma'aikata suka auna Maulud, suka lanƙwasa bututu. Baba ya dawo ya yi waldarsa, bai sani ba.

Ranar Alhamis Zayyanu ya zo ya shiga motar. Hularsa ta ce ƙwas da ƙarfen sama.

"Fito," in ji Baba. "Wa aka auna?"

"Maulud. Wallahi tsayinmu ɗaya, ya ammi, baffana."

"A tsaye ba. Shi duk ƙafa ne kamar zalɓe, kai kuwa gadon baya Allah ya ba ka. A tsaye za ka yi tseren?"

"Mafi mushkila, ba matsala, sai in ɗan sunkuya."

"In ta kife ma ka sunkuya? Ƙarfen da aka sa don ya tsare ka shi zai karya maka wuya."

"Baba, gobe ne fa! Na gaya wa kowa!"

"Ni kuma me zan gaya wa Hajiya?"

Ya ɗauko injin yanka. Mai gareji ya yi ta faɗa, Zayyanu ya yi ta roƙo, Baba ya yanke aikin da ya yi da hannunsa. Juma'a ta wuce babu Zayyanu. Ya daina gaishe shi, ko sabon awon ma fuska a ɗaure ya zo.

A tseren da ya biyo baya taya ta fashe masa, motar ta bugi shinge ta yi ta birgima. Baba ba ya zuwa kallo. Ranar tsere yana gareji, ya shiga ya fita, waya a hannu. Sai ga kira, Zayyanu ne yana haki.

"Baba, mota khalas, ta tashi aiki. Amma ni ƙalau."

"Alhamdu lillahi. Ka kira mahaifiyarka?"

"Tukuna."

"To kashe, kira ta."

Kai ne, Baba, wanda ya yarda a yi fushi da shi, a dai ga yaron mutane da rai. Kai ne mai ɗinke ƙarfe a lungun da ido ba ya kaiwa, ba don za a duba ba. Yanzu hasken walda ya ci idonka, an buga maka bizar fita ta ƙarshe, za ka koma gida.

Mun gode, Baba Buraima. Allah ya kai ka Damagaram lafiya, ya ba idonka sauƙi. Mu kuma da muka rage, mai walda da mai gini da direba, duk ranar da ran wani ya rataya a kan aikinmu, in bai yi daidai ba mu warware mu sake, ko da za a daina gaishe mu.