Kiran da Inna Halo ta yi daga ofis

Inna Halo ake ce mata duk unguwar, har waɗanda suka girme ta. Sunan ya samo asali ne daga "halo" ɗin da take cewa tun tana aiki a gidan waya, zamanin da sai ka bi ta hannun mutum kafin a haɗa ka da wanda kake nema. Tana budurwa ta fara zama gaban allon nan mai ramuka, abin sauraro a kunne, ta soka waya nan ta zare can. A can ne bakinta ya koyi wata ɗabi'a da ta bi ta har tsufa: ba ta cewa komai a waya sai ta fara faɗin inda take. 'Ya'yanta sun sha yi mata dariya, don ko tana tsakar gida da ludayi a hannu aka kira ta, sai ta ce "gidan waya ne" kafin ta tuna.

Da wayar hannu ta zo aka rufe gidan waya, ta ɗan taɓa sana'o'i, babu wadda ta karɓe ta. Mace ce da Allah ya zuba wa baiwarta a murya. Idan ta gaishe ka sai ka ji kamar kai kaɗai ta tashi da tunaninka. Shi ya sa da zaɓen fitar da gwani ya matso, wani ɗan takara da ake kira Injiniya ya buɗe ofishin kamfen a saman wani shagon taya, aka ce a nemo Inna Halo ta riƙa kiran masu zaɓe.

Injiniya da abokin hamayyarsa Likita jam'iyyarsu ɗaya, kujera ɗaya suke nema, kuma gabar 'yan gida ɗaya ta fi kowace zafi. Jam'iyya ce ke riƙe da bayanan masu zaɓe a kwamfuta. Kowane ɓangare yana da nasa sashen, inda yake ajiye abin da ya tsinto a yawon gida-gida: lambar waya, wa ke tare da su, wa ke jan ƙafa. Ba a yarda wani ya leƙa na wani ba.

Teburin Inna yana bakin taga, kusa da fankar da ke juyi tana kuka. Darakta, wato shugaban kamfen ɗin, kullum ƙorafinsa ɗaya ne.

"Inna, ƙuri'a aka ce ki nema, ba jikokin mutane za ki ƙirga ba."

"To, ɗana, in ban tambayi jikan ba, da wane bakin zan tambayi ƙuri'ar?"

Amma akwai lambar da Inna ba ta da ita. Ƙanwarta ce, wadda suke kira Auta. Lokacin jinyar mahaifiyarsu Auta ta ce an bar mata wahala ita kaɗai, Inna ta mayar da maganar da bai kamata ba, kuma tun daga nan kowacce ta kama gabanta. Auta ta tashi daga tsohon gida, ta sake layin waya. Inna, wadda ta haɗa rabin gari da juna, ta yi shekaru tana jiran a fara kiranta. Girman kai ne, ba wani abu ba, ita ma ta sani.

Wata safiya kwamfutar jam'iyya ta samu matsala, shingen da ke tsakanin ɓangarorin biyu ya faɗi. Ma'aikatan ofis suka yi caa a kan allo, masu ɗaukar hoto da waya na yi, Darakta na tsaye a bayansu yana kallon silin kamar bai gani ba. Inna ba ta ma gane abin da ke faruwa ba. Ta dai ga sunaye sun ƙaru a gabanta, tana gangarawa sai idonta ya faɗa kan sunan Auta. Ga sabuwar lamba, ga abin da mutanen Likita suka rubuta a gefe: tamu ce, ba ta iya tafiya, a aika mota ranar zaɓe.

Ba ta iya tafiya. Inna ta karanta, ta sake karantawa. Auta da ke tsallake kwata da tulu a ka. Hannunta ya kai kan wayar ofis tun kafin hankalinta ya iso, ana ɗauka kuma bakinta ya yi abin da ya saba.

"Daga ofishin Injiniya nake kira."

Ɗan Auta ne ya ɗauka, babban mutum da iyalinsa, kuma wakilin Likita a mazaɓarsu. Ya gane muryar sarai.

"Inna, wa ya ba ki lambar nan? Mu kaɗai muka san ta."

Kafin azahar magana ta kai gidan rediyo. Mutanen Likita suka ce an yi musu sata da rana tsaka, har ana bin tsofaffinsu marasa lafiya a waya. Mutanen Injiniya suka ce laifin jam'iyya ne da ta bar ƙofa a buɗe, kuma ai wancan ɓangaren ma sun leƙa. Kowa ya rantse, kowa ya kira taron 'yan jarida. Masu hotuna sun goge nasu tsaf. Abin da ya rage a fili shi ne kira ɗaya daga wayar ofis, da sunan Injiniya a farkonsa.

Darakta ya kira ta ɗakinsa, har da ba ta kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Inna, ki je ki lallashi ƙanwarki ta ce ita ta ba ki lambar. Shi ke nan magana ta mutu. In ba haka ba, dole mu ce ke kaɗai kika yi, mu sallame ki."

"Ka sallame ni, ɗana. Ban je gidanta da gaskiya ba tsawon shekarun nan, ba zan fara zuwa da ƙarya ba."

Ta ɗauki kofinta da darduma ta sauko. Sanarwar da suka fitar ta ce an kori wata ma'aikaciya da ta yi gaban kanta. Aikin bai dame ta sosai ba. Abin da ya hana ta sukuni shi ne Auta za ta zauna da tunanin cewa bayan duk wannan shiru, yayarta ƙuri'a ta kira nema.

Washegari ta yi tambaya har ta gano gidan. Ɗan ya buɗe ƙofa, ya gaishe ta a daƙile, ya nuna mata ɗaki. Auta na zaune a bakin gado, ƙafafun a kumbure kan matashi, sandar ƙarfe jingine da bango. A saman gadon an manna hoton Likita yana murmushi. Ta rame, ta yi kama da mahaifiyarsu.

Suka gaisa kamar baƙi. Sai Inna ta ce, "Auta, wallahi ba don zaɓe na kira ba."

"Na sani, Yaya. Ke da ko a gidan rasuwa sai kin faɗi inda kike kira." Ta gyara zani. "Su mutanen Likita don ƙuri'a suke zuwa, ba yarinya ba ce ni. Amma suna zuwa. Sun zauna a kujerar nan, sun tambayi ƙafata. Ke sai da kwamfuta ta gaya miki."

Kunya ta rufe Inna. Ta sunkuyar da kai, ta fara ba da haƙuri a hankali, muryar nan da gari ya sani ta yi ƙasa-ƙasa. Auta ta kalli bakinta na ɗan lokaci, sannan ta dafa katifa ta gefen damanta.

"Zagayo ta nan, Yaya. Kunnen hagun ya daina ji."

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Wannan ban gaya musu ba."