Shaidar da Na Bayar a Kan Gejin Mai

Edita, ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya daɗe yana ci na. A zamanin mulkin farar hula na biyu, ni matashi ne mai gyaran wayarin mota a Bodinga, kuma kaina a kumbure yake. Na koyo aiki a Sakkwato, na dawo gida da 'yar fitilar gwaji, duk tasha ana cewa ai ni ba na kuskure. Ni ma na yarda da su! In mota ta zo, tun kafin direba ya gama bayani na faɗi ciwonta, jama'a su yi ta jinjina kai ina jin daɗi har cikin ɓargona.

Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, mai ya yi wuya, sai wani Alhaji mai fataucin albasa ya shigo rumfata da a-kori-kurarsa, yana huci, direbansa na biye da shi. Direban ɗan Mandera ne, magidanci mai shiru-shiru. Alhaji ya ce kwana biyu ya yi a layi kafin ya cika tanki, amma zuwa garin Shagari da dawowa kawai, allurar geji ta kwanta a ƙasa. Direba ya rantse bai sayar da ko cokali ba, ya ce a duba gejin. Mutane suka kewaye mu, kowa na jiran bakina. Na shiga ƙarƙashin mota, na cire wayar da ke fitowa daga tanki, na ɗana ta a jikin ƙarfe, na ce Alhaji ya murza makulli. Allura ta yi tsalle ta haye sama! Na fito ina kaɗe hannu, na ce geji lafiyarsa lau, waya lafiya lau, a nemi mai a wani wuri. Aka kwashe da dariya. Alhaji ya zare makulli a gaban kowa, ya kira direban ɓarawo, aka tura motar gida aka jingine.

Bayan mako uku sai ga Alhaji da kansa, ko hula babu. Ya ce ya samo mai jarka guda, ya fara ɗurawa, ko rabi bai kai ba mai ya yi ambaliya ƙasa. Na bi shi a guje. Ranar ce na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na kwance murfin saman tanki, na zaro abin awon, ƙarfen nan mai ɗan ƙwallo da ke yawo a kan mai. Siririyar wayar da aka naɗe a jikinsa ta tsinke daga can sama. In tanki ya cika allura ta nuna daidai, da mai ya ɗan sauka ya wuce wurin tsinkewar sai ta faɗi. Wallahi har ihu na yi don murnar gano ciwon, kafin na ga yadda Alhaji ke kallona. Gwajina rabin hanya kawai ya auna, ni kuwa na yanke hukunci a kan mutum.

Muka ɗauki motar zuwa Mandera. Mun sami direban a gona yana yankan gero. Labari ya riga ya zagaye tashoshi, ba mai ba shi mota, har surukinsa ya daina amsa gaisuwarsa. Alhaji ya durƙusa ya miƙa masa makulli. Direban ya ce ya yafe wa Alhaji, domin Alhaji bai san waya ba, amma tuƙi ya bar shi. Sa'an nan ya juyo gare ni, ba faɗa ba ɗaga murya, ya ce ga kara ko'ina a Bodinga, da na tsoma guda cikin tanki da ya jiƙe.

'Yan'uwana masu gyara, na tsufa a sana'ar nan, kuma ban sake cewa abu lafiya lau ba sai na bi shi daga fiyus zuwa geji, daga geji zuwa cikin tanki. In an tsayar da mutum ana jiran bakinka, ka kori 'yan kallo, ka buɗe tankin. Na gyara wayar nan cikin rabin awa, shi kuwa bawan Allahn nan bai sake riƙe sitiyari ba har ya koma ga Mahaliccinsa.