Tufkar Bahago

Ran nan ina zaune a kan benci wajen mai faci a Batsari, ina jiran a gama da babur ɗina, sai na ji "ƙas!" a bayana. Wani direba ne ya taka sifana da ƙafa, ƙusar tayarsa ta karye. Shi yana salati, ni kuma dariya ta kuɓuce mini, har sai da na ba shi haƙuri. Ban yi masa bayani a wurin ba, don labarin yana da tsawo. Kai da ka samu lokacin karatu, bari in ba ka.

Muna yara, a ƙauyenmu da ke tsakanin Batsari da Safana, mota ɗaya ce tak ke kwana a garin, kuma a ƙofar gidanmu take kwana. Ta Baffa ce, ƙanen mahaifina. Baffa ya yi shekaru yana aikin kuku a Katsina wajen wani Ba'amurke mai haƙa rijiyoyin burtsatse. Da aikin ya ƙare, mutumin ya rasa mai sayen tsohuwar motarsa, sai ya miƙa wa Baffa makulli ya hau jirgi. Haka Baffa ya dawo gida da iya gasa burodi, da Turancin da bai fi kalma ashirin ba, da motar da sai da maƙwabcinmu ya ja dangarsa baya kafin ta samu wurin tsayawa.

Doguwa ake ce mata. Launinta irin na ɗanyen mangwaro ne, kujerunta kamar gado, cikinta ƙamshin tsohuwar fata da fetur. Tana da wasu fukafukai biyu a baya waɗanda ba su taɓa tashi da ita ba, kaji ne kawai suka ci moriyarsu. Ran kasuwa takan ɗauki mutum goma sha huɗu zuwa Runka ko Zakka, awaki a but, buhuna a sama. Mai kuwa tana shansa kamar raƙumin da ya dawo daga Agadas. Duk da haka abin da take kawowa yana sa gishiri a miyar gidanmu, yana kuma sa Baffa ya karkace hula.

Mutum ɗaya ne bai taɓa shiga cikinta ba, shi ne Kaka, mahaifinsu Baffa. Idanunsa sun yi yana, kullum yana zaure da jiƙaƙƙiyar rama a gefensa, ya maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafa yana tufka. Ra'ayinsa game da Doguwa gajere ne: dabbar da ke sha ba ta ba da taki ba dabbar kiwo ba ce.

Sai shekarun wahala suka zo. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye kafin ya yi ido. A birni kuma aka shiga abin da ake kira ostariti, ana bin layi a kan sabulu da madara, kayan waje suka daina shigowa. Masu motocin Faransa da na Japan ma kuka suke yi da rashin kayan gyara, balle Doguwa da ba ta da dangi a ƙasar nan. Baffa ya shiga lallaɓa ta da dabarun tasha. Lagireto ya yi yoyo, ya zuba masa garin taba. Tankin mai ya tsage, ya liƙe shi da sabulu, har matan gidanmu suka koma ɓoye sabulunsu a cikin tukunyar daddawa in sun ji takunsa.

Wata ranar bazara, dab da shigowa gari, wani kututture ya yage tayar baya ta gefen hagu. Aka turo motar har ƙofar gida. Baffa bai damu ba, akwai safaya a but, kuma ya sha canja tayoyin gefen dama. Ya ɗaga ta da jak, ya sa sifana, ya murɗa hagu yadda kowa ya san ana kwance noti. Shiru. Noti biyar ne a ƙafar, ko ɗaya bai motsa ba. Ya jiƙa su da kananzir suka kwana, ya jiƙa su da baƙin mai, wata tsohuwa ma ta ba da man shanu. Suka sha, suka yi sheƙi, suka ƙara zama.

Aka ɗauko bakanike daga Safana a bayan keke. Ya zagaya motar sau biyu, ya ce tsatsa ce, ya zura dogon bututun ƙarfe a hannun sifana, ya hau kai da ƙafa biyu. Ƙas! Ƙusar da notin ke kai ta karye. Ya sauko ya kaɗe hannu ya ce ai dama ƙarfen Amurka ba shi da ƙwari. Kafin ya tafi ya bar mana ilmi: ƙafa mai ƙusa biyar tana tafiya da huɗu, tana lallaɓawa da uku, amma da biyu sai dai a yi mata addu'a.

Kwana biyu bayan haka wani mahauci ɗan dambe, wanda ake kiɗa masa kalangu har Zamfara, ya ce ba a samu namiji ba ne. Ya tuɓe riga, yara suka taru, ya yi kirari ya kama sifana. Ƙas! Saura uku. Baffa ya rungume tayar da hannu biyu ya ce wallahi ba wanda zai ƙara taɓa ta.

A nan maƙerin garinmu ya shigo maganar. Tun ranar da Doguwa ta tsaya yake zuwa gaishe da Kaka safe da yamma, abin da bai saba ba. In zai fita sai ya ɗan ƙwanƙwasa ƙofar motar da yatsa, ya kara kunne, ya auna murfin injin da taƙi. Daga baya ya fito fili ya ce wa Babanmu zai ba da buhu huɗu na gero a bar masa ita. Ya riga ya gama lissafin fartanya da garmar da za su fito daga jikinta, har da kaskon tuya daga murfin but.

Babanmu shi ke riƙe da gandu, shi ke leƙa rumbu kowace safiya, kuma abin da yake gani a ciki ba zai kai mu shuka ba. Ya kira Baffa ya ce: "Kasuwar Batsari za ta ci sau biyu. In ta biyun ta ci motar nan tana kan jak, maƙeri zai ɗauka. Ba zan zuba wa ƙarfe ido yara na kwana da yunwa ba." Baffa bai yi musu ba, don ba a musu da yaya a kan hatsi. Amma tun daga ranar hularsa ta miƙe.

Ya ɗauki guntuwar ƙusar da ta karye, notin na maƙale a jikinta, ya ƙulle a gefen riga ya tafi neman irinta, don ko an ci gaba da karyawa a samu madadi. A Katsina duk shagon da ya shiga, da ya faɗi irin motar sai a kira maƙwabci ya zo ya ji. Wani ya ce ya gwada Kano. Wani ya ce ya je wurin masu gyaran manyan motoci, Baffa ya ce motarsa ba gingimari ba ce, motar manyan mutane ce. Daga baya na ji cewa da ya je, da yaron shagonsu ma ya warware masa matsalar yana cin rake. A Kano ya kwana biyu a tasha, ya dawo da ƙusoshi biyar sababbi ful da wani ɗan kasuwa ya rantse masa cewa uwa ɗaya uba ɗaya suke da tasa. Bakanike ya gwada su a ramin waɗanda suka karye, suka yi ta lilo kamar muciya a tukunya.

Ana cikin haka aka lura da wata alama a kan kowace ƙusa ta gefen hagu: sanda a tsaye da ɗan gajeren hannu a ƙasa. Sai yanzu da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci na san harafin L ne, wanda Turawa ke fara rubuta hagu da shi. A lokacin kuwa kowa da fassararsa. Bakanike ya karkata kai ya ce lamba bakwai ce. Aka kira malamin firamare, ya goge tabarau ya duba, ya ce ba shakka L ce, ma'anarta Legas, don ta can motar ta shigo. Maƙeri ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya miƙe ya ce: "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Wannan ai hoton fartanya ne. Su kansu masu ita sun san inda za ta ƙare."

Ranar kasuwa ta biyu ta zo. Tun da hantsi maƙeri ya iso da jakuna biyu ɗauke da gero, da kurfin yanka ƙarfe da guduma a cikin buhu. Ya ce ko a ba shi dama ya gwada notin sau ɗaya don zumunci. Baffa ya ce kura ba ta jinyar akuya. Ya shiga zaure ya zauna dirshan, ya kwance gefen rigarsa ya watsar da ƙarafan a ƙasa, tsohuwar guntuwa da sababbin Kano.

Kaka ya ji ƙarar, ya laluba ya tsinci biyu. Ina zaune ina miƙa masa rama, na ga yadda ya bi murɗin jikin kowace ƙusa da farcen babban yatsa, a hankali, kamar yadda yake duba igiyar da wani ya kawo masa sayarwa. Ya sake bi. Sai ya ce: "Kai, ɗan nan, wace ce ta motar?"

"Guntuwar, Baba."

"To wagga ta Kano tufkar mutane ce. Taka kuwa bahago ya tufka ta. Ina kuke murɗawa?"

"Hagu mana, Baba. Haka ake kwance noti ko'ina a duniya."

"Ko'ina ka je?" in ji Kaka. "Igiyar bahago in ka warware ta yadda ka saba, ƙara tufka ta kake yi. Wata guda kuna ɗaure abu da ƙarfinku, har da ɗan dambe."

Baffa ya buɗe baki zai yi wa tsoho bayanin cewa mota daban igiya daban, sai Babanmu da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce ya je ya gwada, ai ba abin da ya rage a yi asara. Baffa ya ce akwai, ƙusa ta uku. Gaskiya ne kuwa: in ta karye, ko maƙeri ba sai ya yi ciniki ba.

Muka fita. Baffa ya sa sifana, ya yi bisimilla, ya juya ta dama, wajen ɗaurewa. Ya danna a hankali, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Notin ya yi wata ƙara kamar ƙofar da ta shekara a rufe, ya juya. Na biyu ya bi, na uku ma ko gardama bai yi ba, man shanun nan ya yi aikinsa. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Baffa ya zauna a ƙasa ya dafe kai ya ce: "Af! Abin da Baturen nan yake nufi ke nan. Ranar da zai tafi ya yi ta nuna mini gefen nan yana cewa lef, lef. Ni na ɗauka cewa yake in riƙa lafewa gefen hanya."

Maƙeri ya kora jakunansa bai ko yi wa Kaka sallama ba. Doguwa ta kama kasuwar ranar tana tashi, da ƙusa uku a ƙafar hagu, kuma haka ta ƙare rayuwarta. Baffa ya kafa doka: masu jiki su zauna dama, ramammu hagu. A shekarar nan ba a sha wahalar samun na hagu ba. Da ita aka riƙa ɗauko masara daga kudu, mu da maƙwabta muka kai ga sabon hatsi. Kaka bai shiga cikinta ba har ya rasu, amma ya yarda a ɗaure kaya a samanta da igiyarsa.

Yau hanyar nan da Doguwa ke bi da mutum goma sha huɗu suna waƙa, sai an tambayi labari kafin a hau ta, a kan babur, ana waige. Yawancinmu mun dawo cikin Batsari. Igiyar roba ta cika kasuwa, ban san saurayi ɗaya da ya iya tufka ba. In abu ya lalace, ɗana yakan latsa waya ya ga wani a wata ƙasa yana kwance irinsa, kafin shayi ya huce ya gama.

Baffa yana nan da ransa, ya tsufa ƙwarai, yana zaune a gidana. Da yamma jikoki kan kewaye shi ya ba su labarin Doguwa, kuma a bakinsa labarin ya ɗan canja. Yanzu shi ne ya dubi alamar ya karanta ta da Turanci, bayan bakanike da malamin makaranta sun kasa. Kaka yana zaure ne kawai yana barci. Duk waɗanda za su ƙaryata shi sun riga mu gidan gaskiya, saura ni, ni kuma ba zan kunyata baffana a gaban jikoki ba. Nakan ce, "Haka aka yi, Baffa." Shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi a takarda, inda Baffa, da Turancinsa kalma ashirin, ba zai taɓa gani ba.