Ƙofar da na riƙe wa Baba

Shekarar da na yaye ɗiyata, yayan mijina ya samo mini aikin shara a wani gini a hanyar Kalpohin. Shi ne mai gadin get, kuma da bakinsa ya tsaya mini a gaban manaja. Can ciki akwai wani ɗaki marar taga, mai sanyi kamar firji, cike da kejin ƙarfe dogaye, kowanne da kwaɗonsa. Mutane kan kawo injinsu da suke kira saba, su kama hayar wuri a keji, kamfani ya ba shi wuta da sanyi da tsaro. A aji huɗu na bar makaranta, amma wannan na gane shi: ajiya ce, kamar buhunan masara a sito.

Doka ɗaya manaja ya nanata mini har sau uku: kati ɗaya, mutum ɗaya. In na kara katina ƙofa ta buɗe, in shiga in ja ta, ko wa ke bayana.

Wata Madam ta kawo sabarta, ta shafin intanet da mata masu man kaɗe ke sayar da kayansu. Kwana biyu tana fama da haɗa ta. Ina goge ƙasa ina satar kallonta. Wayar wuta biyu ta saka, kowacce a soket daban, ta manna musu takarda da rubutu. Ko ruwa za ta tashi sha, sai ta kulle kwamfutarta.

Ta ce mini, "Sista, lambobin wayar matan nan da adireshinsu duk suna ciki. Ni na toshe hanyoyin cikin injin. Ƙofar nan kuwa, a hannunku take."

Na ce to, Madam.

Rana ta uku bayan azahar na taho da bokiti, hankalina yana Nyohini, inda na bar yarinya da zazzaɓi a wurin surukata. Na kara kati ke nan sai na ji murya a bayana.

"'Yata, riƙe mini ƙofar nan."

Dattijo ne mai farin gemu, rungume da kwali. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mana, ƙafata tana tokare da ƙofa. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne na gani. Na ga babu kati a wuyansa. Na ga kwalin ba shi da nauyi, don da yatsu yake riƙe da shi. Amma ta yaya zan rufe wa sa'an ubana ƙofa a fuska?

Ya wuce kai tsaye zuwa kejin Madam, ya ɗora goro ɗaya a kan kwaɗon, ya fita yana sa mini albarka.

Ashe kawun Madam ne. Ita ta roƙe shi ya gwada mu, da sanin manaja. Washegari aka tara mu a ofis, aka kunna hoton kyamara. Ga ni nan a durƙushe, har da murmushi.

Madam ta ce, "Ba ki lura ba shi da kati ba?"

Da na ce ban lura ba, da an ce kuskure ne. Bakina ya kasa yin ƙarya.

"Na lura, Madam."

"To, me ya sa?"

"Babba ne."

Wani injiniya ya fashe da dariya. "Sista, ai ɓarayi ma suna tsufa!"

Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce za ta kwance injinta ta kai wani wuri, manaja kuma ya juyo ya dube ni irin duban da ake yi wa mai tafiya gida. Sai yayan mijina, mutumin da ƙannensa ba sa zama in yana tsaye, ya cire hular aikinsa ya riƙe da hannu biyu. "Ni na kawo ta. A yi mini haƙuri."

Aka bar ni, amma da sharaɗi. Aka sake kiran Baba ya tsaya a bayana da kwalinsa, kowa yana kallo. Na kara kati, na shiga. Ya ce, "'Yata." Na ja ƙofar ta rufe. Ta gilashi na ga ya gyaɗa kai, ni kuma gwiwoyina da kansu suka durƙusa masa.

Sabar Madam tana nan a kejinta, ina goge gabanta kullum. Yayan mijina bai taɓa faɗa wa kowa a gida ba. Amma har yau in na kai masa tuwo, ajiyewa nake yi in fita, ban ɗaga ido ba.