Dillalin Shanu Ne Ya Gano Ciwona

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, duk wanda ya tambaye ni abin da ya raba ni da tuƙin jirgi, sai in ce canjin aiki aka yi min. Ba gaskiya ba ne, kuma na gaji da wannan amsar.

Lokacin yaƙin basasa ni matuƙin jirgin saman soja ne, aikina kwaso waɗanda suka ji rauni. Da ƙura ta lafa, farkon shekarun saba'in, aka turo ni gida Potiskum in riƙe gudanarwar wani asibiti. Alkawarin shi ne bayan shekara biyu likitan soja ya duba ni, in koma sama. Ba abin da nake so a duniya kamar wannan.

To, mu matuƙa muna da wata muguwar ɗabi'a: ba ma gaya wa likita gaskiya. Ka ce kanka na ciwo, ya rubuta a fayil, an hana ka tashi. Da wannan halin na shigo asibiti.

Tari ya fara min bayan damina. Na ce mura ce.

Sai zazzaɓi duk yamma. Sai wando ya fara zamewa, na ƙara wa bel huda biyu. Ran da na ga jini a hankici, da kaina na wanke don kada matata Falmata ta gani. Ta gani. Ta yi magana, na hau ta da faɗa.

Abin haushin, kullum da safe ina zagaya ɗakunan marasa lafiya kamar mai duba fareti, ina tari a gaban likitoci da nas-nas, kowa sai ya ƙame ya ce, "Yallaɓai, an tashi lafiya?" Wata bakwai muna wannan wasan.

Wata rana na leƙa kasuwar shanu in gaida kawuna Baba Goni, dillali ne. Bai ko amsa gaisuwar ba. Ya kama haƙarƙarina ya lallatsa, ya ja fatar idona ƙasa, yadda yake yi wa saniya.

Ya ce, "Ɗana, da kai sa ne, ko mahauci ba zai taya ka ba."

A gaban jama'a fa, ni da kakin soja a jikina. Ya riƙe hannuna bai saki ba sai ofishin babbar nas ɗinmu, Hajiya Asabe.

Aka karɓi kakin tarina sau uku, aka ɗauki hoton ƙirji. Tarin fuka ne, kuma ya ci saman huhun dama. Na tambayi Hajiya Asabe yadda aka yi ba wanda ya lura. Ta ce tun wata huɗu baya suka gane, amma wa zai fara faɗa wa Kyaftin? Har yau in na tuna raina yana ɓaci, kuma ban san da wa zan yi fushin ba.

Na nemi a ba ni ɗaki ni kaɗai. Ta nuna min takardar da ke manne a bango: mai tarin fuka ɗakinsu ɗaya, ba mai shiga dubiya, kowa da kwanonsa da kofinsa. Sa hannuna ne a ƙasa.

Allura kullum, wata uku. A tafasa ta, a sake soka wa wani, bakinta duk ya dakushe. Na yi ƙorafi, aka tuna min ni ne na mayar da takardar neman sababbi, na ce a yi tattali. Ƙwayoyi kuwa cike da tafin hannu, shekara ɗaya da rabi. Maganin kyauta ne, amma ƙwai da madarar da aka ce in ci, tumakin Falmata ne suka tafi a kansu. Ta taga muke gaisawa.

Na ji tsoro. Wani manomi daga Damagum da ke gadon kusa da ni ya rasu, na ga an fitar da katifarsa rana, na kasa cin abinci kwana biyu. Da aka gwada Falmata da 'yarmu aka ce ba su ɗauka ba, na juya bango na yi kuka.

Na warke, alhamdulillah. Na yi ƙiba, na goge takalmi, na tafi wurin likitan soja. Ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallon tabon, ya tambayi tsawon lokacin da na yi ina tari kafin a fara magani. Na gaya masa gaskiya, karo na farko a rayuwata.

Ya ce, "Da a watan farko ka zo, da yau na sa maka hannu."

Ban sake zama a kujerar matuƙi ba. A ofishin asibiti na ƙare aikina, kuma abin da na fara yi da na koma shi ne sayen allurai.

Na gode wa Allah. Allah Ya jiƙan Baba Goni da Hajiya Asabe, Ya saka wa Falmata, wadda har yau ba ta taɓa ce min "ai na faɗa maka" ba.

Shawarata: tari ya wuce mako biyu, ka je a gwada. An ba ka magani, ka shanye shi har ƙarshe ko ka ji sauƙi. In kuma kai babba ne a wurin aiki, ka bincika ko akwai mutum ɗaya da zai iya kallon idonka ya ce ka rame. Ni ba ni da shi a asibiti guda, sai da na je kasuwar shanu.